WC yana fantsamo ruwa waje in an danna shas, sai an fasa shi ne?

Wani ƙanena daga unguwar Karkada a nan Damagaram ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice. Ya sa WC na zama a ɗakin tsohuwarsa saboda ciwon gwiwa ya hana ta tsuguno, yau wata takwas ke nan, da farko lafiya lau, amma yanzu duk lokacin da aka danna shas, wato maɓallin sakin ruwa, sai ruwa ya yi tsalle ya jiƙa wurin zama, ya sauko kan karo, wato tayil ɗin ƙasa, wani lokaci har zanen Hajiya. Ya rage robinen da ke bayan WC ɗin, wato kan pompon da ke buɗe ruwa da rufe shi, bai ga canji ba. Ya kira wani yaro ya duba, yaron ya ce kwanon ne ba shi da kyau, sai an fasa an sa sabo. Yana tambaya a fasa ɗin ko akwai wata dabara.

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri da wannan hidima. Kar ka fasa, tukuna dai. Ai amsar rabin tambayarka tana cikin maganarka, ka ce da farko lafiya lau. Kwanon da aka ƙera shi a karkace tun daga izin, wato masana'anta, ranar farko zai nuna halinsa, ba zai yi wata da watanni yana aiki daidai ba sannan rana ɗaya ya tuna cewa shi marar kyau ne. Abin da ya yi aiki sannan ya canza, wani abu ne ya shiga ciki ko ya motsa daga wurinsa, kuma wannan abin ake nema, ba guduma ba. Na daɗe a aikin plombiye a garin nan, irin wannan kuka na sha jin shi, kuma waɗanda suka kai ga fasa kwano ba su da yawa ko kaɗan.

Bari in fara da robinen da ka rage, don kusan kowa nan yake fara taɓawa. Wannan robine ba ruwansa da ƙarfin wanki. Aikinsa kawai cika akwatin ruwan da ke baya. In ka rage shi, akwatin zai daɗe kafin ya cika, amma in ya cika ɗin ruwa ɗaya ne a ciki, kuma in ka danna duk zai zubo da nauyinsa kamar yadda ya saba. Ko da ludayi ka cika randa ko da bokiti, ranar da ka kifar da ita ruwan da zai malale ɗaya ne. To ka mayar da robinen yadda yake, ka dai ƙara wa Hajiya jira ne kawai.

Yadda abin yake aiki ba wani sihiri ba ne. In ka danna, mekanis ɗin da ke cikin akwati yana ɗaga marfin roba, ruwa ya faɗa cikin wata hanya da ke zagaye a cikin leɓen kwanon, ba ka ganinta daga sama, a ƙarƙashin leɓen akwai ƙananan ramuka jere, ko wata doguwar tsaga a wasu kwanukan, ta nan ruwa ke fita ya bi bango ya wanke ya tura ƙazanta ta cikin lanƙwasar da ke ƙasa wadda muke kira sifon, daga nan sai tiyo sai fos, wato ramin da ƙazanta ke taruwa. Saboda haka ruwan da ke jiƙa muku wuri daga ɗayan wuri uku yake fitowa, ko daga sama wajen leɓe, ko daga ƙasa ruwan cikin kwano ne ke tasowa, ko kuma daga baya tsakanin akwati da kwano. Kowanne maganinsa daban, shi ya sa nake jin haushin mai aikin da zai shigo makewayi ya tsaya a tsaye hannu a aljihu ya yanke hukunci. Sai ka durƙusa.

Ga abin da za ka yi gobe da safe in ruwa ya zo. Ka goge wurin ya bushe ƙarau, ka shimfiɗa kwali ko tsohuwar takardar buhun siminti kewaye da gindin WC ɗin da bayansa, ka ɗaga marfi da wurin zama duka, ka kunna fitilar salularka, ka sa wani ya danna kai kuma ka zuba ido. Sau biyu ko uku. Takardar ba ta ƙarya, inda ɗigon ya faɗi zai nuna maka daga ina ya taso. Bayan haka sai gwajin bokiti, wanda shi ne gwajin da ya fi kowanne amfani a wannan aiki kuma ba ya cin ko dala. Ka cika bokiti da ruwa kamar litir 8 zuwa 10, ka juye shi cikin kwanon a lokaci guda, ba a hankali ba. In ruwan ya wuce fuu ya koma matsayinsa nan take, to hanyar ƙasa a buɗe take, matsalarka tana sama. In ya taso ya tsaya yana juyi yana sauka a hankali, ko ka ji yana ɓul-ɓul yana tofo kumfa, to ƙasa ce, kar ka ɓata lokaci a kan akwati.

Yadda ka ba da labarin, ni zargina ya fi ƙarfi a kan ramukan nan na ƙarƙashin leɓe, don haka zan daɗe a kansu. An yi su ne don su raba ruwa daidai, kowane rami ya ɗauki ɗan rabonsa ya sauke shi a jikin bango a hankali. In rabinsu suka toshe, ruwan da ke zuwa bai ragu ba, ƙofofin ne suka ragu, sai ya matsu ya fita ta sauran da ƙarfi, kamar in ka sa babban yatsa ka toshe rabin bakin tiyo lokacin ban ruwan fulawa. Mafi muni shi ne ramin da ya toshe rabi, don shi ba ya sauke ruwa ƙasa, gefe yake harba shi, ya tsallaka kwanon ya daki ɗaya bangon ya fallatso sama.

Me ke toshe su? A Damagaram ba sai an tambaya ba. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, su Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda pompo ke yi, ya zo ya ɗauke, musamman da bazara. Duk lokacin da tiyo ya bushe sannan ruwa ya dawo, zuwan farko yakan taho da yashi da ja-ja na tsatsa. Ga masu shato, wato tankin ruwa, a saman ɗaki wanda marfinsa ya tafi da iska tun bara, ƙurar hunturu duk a ciki take kwanciya. Ga ranar da babu ruwa a ɗauki na 'yan ga-ruwa a buɗe akwatin a tuttula da bido, har da ɗan laka na gindi. Sannan ga farin gishirin nan da ruwa ke bari in ya bushe, kalkar, wanda kake gani a gindin butar shayi ko a kan dush. Yashi da kalkar in suka haɗu a ƙaramin rami sai su zama kamar siminti.

Akwai wani gida a Sabon Gari da aka kira ni, maigidan har ya sayo sabon kwano yana jingine a zaure cikin kwalinsa, ni aikina kawai in fasa in dasa. Na ce a ba ni madubi, uwargida ta miƙo na hodarta. Na kara shi ƙarƙashin leɓe na haska, na ce yaro ya danna. Duk zagayen ramuka huɗu ne ke ba da ruwa sosai, ɗaya kuma a gefen dama yana tsartuwa siriri kamar yaro mai wushirya yana tsartar da ruwa ta haƙori, kai tsaye yake tsallake kwano ya faɗi kan karo. Na lanƙwasa waya na soka, abin da ya fito wani ɗan guntun farin zaren teflon ne da yashi ya manne masa, tun ranar haɗa tiyo yake yawo a ciki. Kafin a kira la'asar mun gama. Sabon kwanon dai bai yi asara ba, ɗakin baƙi aka kai shi daga baya.

Yadda za ka wanke su. Ka sa safar hannu ta roba. Ka samu waya mai ɗan ƙarfi, irin ta rataye kaya ko sipok na tsohon keke, ka lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya kana kallo a madubi, ka soka ka juya a hankali, ba da ƙarfi ba kar ka ɓantare farin fentin kwanon. Sannan ka rufe robine, ka danna shas akwati ya zama fanko. A cikin akwatin akwai wata hanya da aka bari don in ruwa ya yi yawa ya bi ta nan ya sauka kwano maimakon ya malalo ƙasa, a wasu tiyo ne a tsaye bakinsa a buɗe, a wasu kuma a jikin mekanis ɗin yake. Ta nan za ka zuba farin binegar na kanti, kamar litir ɗaya, don hanyar kai tsaye take zuwa cikin leɓen. Dabarar da ke sa ya yi aiki sosai ita ce kafin ka zuba ka busar da ƙarƙashin leɓen da tsumma ka manne ramukan da sikoci, wato salatif, mai faɗi, don binegar ɗin ya kwana a ciki yana cin kalkar, in ba haka ba zai zube ne kawai ya wuce. Da safe ka ɓare sikocin, kar ka bar ko guntu ya faɗa ciki, ka sake bi da waya, ka buɗe ruwa ka danna sau uku. In kalkar ɗin ya yi kauri sai ka maimaita dare na biyu. Hajiya ta yi haƙuri da wani makewayin na dare ɗaya.

Wani zai ce maka ka bar wahalar binegar ka sayo asid a kasuwar Dole ka zuba, minti biyar an gama. Yana ci, ban musa ba, amma yana cin robobin mekanis da ƙarfen da ke riƙe da akwati, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a fos, kuma in ya fallatsa a ido babu gyara. Abin da ma ya fi ba ni tsoro shi ne mata suna wanke makewayi da ruwan jabel, wato bilic, in asid ya haɗu da jabel wani hayaƙi mai guba yake tashi, kulorin, a ƙaramin ɗaki marar taga yana iya kayar da mutum. Ko binegar ɗin ma kar a haɗa shi da jabel, a bari a wanke ɗaya ya wuce tukuna. Tafasasshen ruwa kuma kar a zuba, kwanon tangaran ne, yana tsagewa.

In ramuka duk a buɗe suke amma ruwan yana fitowa da yawa kamar an ɓalle dam, sai ka buɗe marfin akwati ka ga inda ruwa yake tsayawa. A hankali da marfin, in maɓallin a tsakiyarsa yake yawanci sai ka kwance zoben maɓallin kafin ya ɗagu, kuma in ya faɗi ya fashe samun irinsa shi kaɗai aiki ne. Ruwa ya kamata ya tsaya kamar santimetir 2 ƙasa da bakin wancan hanyar ta ambaliya, wasu akwatunan ma akwai layi da aka zana a jikin bango. In ya wuce nan, flotar ne ke son gyara, wato abin nan da ke tasowa da ruwa ya rufe shi in akwati ya cika. Mai dogon hannu da ƙwallo, akwai ɗan bis, wato sukuru, a gindin hannun, ko kuma in hannun na ƙarfe ne ka lanƙwasa shi ƙasa kaɗan. Na zamani mai kamar kofi da ke hawa da sauka, akwai dogon bis na roba a gefensa, ka juya da turnabis kofin ya sauka. Kaɗan-kaɗan, santimetir ɗaya, ka gwada, ka ƙara. In ka rage da yawa za ka gyara fantsama ka ɓata wanki, a koma danna sau biyu, a garin da ruwa ke da tsada. In ka juya bis ɗin amma ruwa bai daina hawa ba, yashi ne ya shiga ƙaramar robar da ke cikin kan flotar ɗin, ko zafin watan Afrilu da Mayu ya busar da ita, a kwance a wanke ko a canza.

Ka tambayi kanka kuma, a cikin wata takwas ɗin nan an taɓa canza mekanis? Don sau da yawa nan ne labari yake canzawa. Kwanukan yanzu yawanci an yi su ne don litir 6, masu maɓalli biyu kuma 3 da 6, tsofaffin kuwa 9 suke sha ko fiye. In mekanis ya lalace aka sayo wanda aka samu aka ɗaura ba a daidaita shi ba, sai ya riƙa sakin duk abin da ke akwatin a lokaci guda. Yawancin masu maɓalli biyu suna da ɗan abin ja a jiki da ke ƙayyade yawan ruwan da za su saka, mutane ba sa taɓa shi don ba su san da shi ba. Haka nan a kanti wani lokaci akan haɗa maka akwatin wani kamfani da kwanon wani don ɗayan ya fashe a hanya, ramukan noti sun dace sai a ce ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Dabarar sa gorar ruwa ta litir ɗaya da rabi a cikin akwati tana rage yawan ruwa kuma tana da amfani wajen tattali, sai dai ba ta rage tsayin ruwan ba, don haka bugun farko yana nan da ƙarfinsa, kar ka dogara da ita a kan fantsama. In za ka sa, ka cika ta ka rufe ka ajiye nesa da mekanis. Bulo ko dutse kar ka sa, bulo yana marmashewa ya koma ya toshe ramukan da ka sha wahalar buɗewa.

In takardar bayan WC ce ta jiƙe, gaba kuma a bushe, wannan ba fantsama ba ce ma. Akwai wata roba mai kauri kamar zobe tsakanin akwati da kwano, in ta bushe ko akwatin ya motsa saboda ana jingina da shi, kuma tsofaffi suna yawan dafa shi wajen tashi, ruwa zai riƙa fesowa ta nan amma sai lokacin da aka danna kawai. A canza robar, a ɗaure notin biyu daidai wa daida, wannan kaɗan wancan kaɗan, ba a matse ɗaya a gama ba. Ka kuma sa wa Hajiya ƙarfen dafawa a bango, ya fi mata aminci. Wani lokaci kuma bayan ɗaukewar ruwa iska ce ke cika tiyo, in ruwa ya dawo sai flotar ya yi ta tari yana feshi har ya fito ta ƙarƙashin marfi, wannan da kansa yake wucewa.

To in gwajin bokiti ya nuna ƙasa ce fa? Wani abu ya maƙale a sifon, bai toshe duka ba, ruwa na wucewa amma ba da saurin da yake shigowa ba, sai ya taso, sabon ruwan da ke saukowa ya faɗa kansa ya fantsamo. Abin da nake cirowa a gidaje ba ya ƙirguwa, ledar piyawata, marfin buta, soson wanka, audugar mata, pampas na jikoki, buroshin haƙori wanda shi ya fi kowa iya gicciyewa ya riƙa tare duk abin da ya zo. Ka fara da bantuz, robar nan mai sanda, ka tabbata ruwa ya rufe bakinta, ka danna ka ja da ƙarfi kamar sau ashirin, jan ya fi dannawar amfani. In bai yi ba sai wayar zurawa mai lanƙwasa da muke kira fure, sunan dai kamar na kallo amma aikin ba ƙamshi. Sandar ƙarfe miƙaƙƙiya kar ka cusa, na ga inda aka huda gindin sifon da rodi, a nan kam dole aka fasa.

In kuma ruwan ba tasowa yake ba, gyatsa yake yi, ka danna sai ka ji ɓul, kumfar iska ta fashe ta watso ruwa sama, to iska ce ta rasa hanya. Ruwa in ya shiga tiyo yana tura iskar da ke gabansa, dole ta samu mafita, shi ya sa ake sa dogon tiyon shaƙar iska da ke hawa jikin bango har ya wuce rufin ɗaki. Gidaje da yawa a nan ba a sa shi ba sam don magini ya ce ɓarnar kuɗi ce, inda aka sa kuma za ka tarar tsuntsu ya yi sheƙa a baki, ko zanzaro ya gine shi da laka, ko wani ya ɗaure bakin da leda wai don wari. Ka hau ka duba. Sannan ka buɗe ɗan ramin dubawa na tsakar gida da muke kira regar, a danna shas kana kallo. In ruwa a kwance yake a ciki ba ya tafiya, fos ta cika ko rijiyar tsotsewa ta ƙoshi, kuma a unguwannin da dutse ke kusa da sama ƙasa ba ta shan ruwa sosai, da damina cikin watan Agusta abin ya fi tsananta. Wannan sai motar bidanj mai zuƙe fos, ba abin da za ka yi wa kwanon ya gyaru. Kuma don Allah kar a sa kowa ya shiga cikin fos ko ya zura kai, iskar ciki tana kashewa. Tiyon da ke tafiya fos ya kamata ya zama mai faɗin milimita 100 ko 110, da gangara kamar santimetir 2 a kowace mita, in an kwantar da shi a miƙe ko ƙasa ta zauna ya yi ciki a tsakiya, za ka yi ta fama da rabin toshewa har sai an tona.

Tunda na san masu na tsuguno ma za su ce nasu yana jiƙa musu ƙafa, bari in taɓa shi. Nasu akwatin a sama yake kusa da rufi, ruwa na gangarowa ta dogon tiyo, kuma iya tsayi iya ƙarfi. In an kafa shi sama fiye da kima, ko tiyon bai shiga daidai tsakiyar ramin bayan kwanon ba, ko robar da ke riƙe shi ta zame, ruwa zai daki gefe ɗaya ya hau kan matakin ƙafa. A gyara zaman tiyon tukuna, in bai isa ba a rage ruwan akwatin ko a sauko da shi ƙasa kaɗan. Masu robinen dannawa wanda ba shi da akwati, kai tsaye daga tiyo, su ne kaɗai ƙarfin pompo ya shafa. Shato mai tsayin mita 10 yana ba da kamar bar ɗaya, to in aka ƙara sirpresar, wato injin ƙara ƙarfin ruwa, a gidan ƙarfin zai ninka, sai ka ga WC da ke zaune lafiya ya fara wanka da mutane. A nan rage ban, wato robinen da ke gabansa, yana aiki. Akwai kuma sababbin kwanuka marasa leɓe da suka fara shigowa, masu sauƙin wankewa, su ba abin da ke tare ruwa a sama, in ya zo da ƙarfi waje zai yi, ana sa musu wani ɗan zobe mai rage gudu a bakin mekanis, sau da yawa yana cikin kwalin, masu dasawa ke jefar da shi da shara don ba su san na mene ne ba.

Saura zama. Ka ɗora nibo, ma'aunin nan na magina mai nuna karkata, a kan leɓen kwanon, gaba da baya, hagu da dama. In ya karkata ruwa zai taru gefe ɗaya. Ka kuma girgiza shi da hannu, in yana motsi notin ƙasa sun saki, a daidaita a sa ɗan abin tokare na roba a ɗaure a zagaye da silikon. Inda zan yarda a canza kwano shi ne in ka ga tsaga a jikinsa, ko in tun ranar farko yake haka kuma madubi ya nuna wasu ramukan a shafe suke da fenti tun daga ƙera, ko hanyar cikin leɓen ta cushe yadda dare uku na binegar bai motsa ta ba. Ko a nan ma ba guduma ake sawa ba in da noti aka ɗaure, kwancewa ake yi karo ya tsira. Sai in an binne gindin da siminti, wanda shi ma wani ciwon kai ne da ake bar mana.

Kafin ka gyara, a riƙa rufe marfi sannan a danna, ko WC mai lafiya yana tayar da ɗan feshin da ido ba ya gani, buroshin haƙori da tawul a nisanta su. Maganar zanen salla kuwa, ruwan da ke cikin akwati mai tsabta ne irin na pompo, amma wanda ya taɓa cikin kwano ya dawo ni ba zan ce komai a kansa ba, wannan fagen malamai ne, Hajiya dai ta ware zanen shiga makewayi kafin nan.

Kai dai ka fara da bokiti da madubi. In bokiti ya wuce lafiya, ka ƙirga ramuka nawa ke ba da ruwa da nawa suka yi shiru, ka duba ko akwai mai harbi gefe, ka ɗauko min hoton cikin akwatin marfi a buɗe ruwa a cike, daga nan zan gaya maka bis ɗin da za ka juya. A gaida Hajiya da jiki.